Mai Gyaran Iyakwandishan da Jiragen Yaƙin Iran

Shekarun baya, lokacin da korona ta rufe duniya, ina zaune ni kaɗai a wani gida mai ɗaki biyu a Mu'aither, nan Doha. Iyalina sun tafi Zariya hutu da niyyar yin wata guda, sai aka rufe filayen jirgi, wata guda ya koma kusan shekara. Ni injiniya ne a wani kamfani da ke kula da jiragen fasinja. A lokacin kuwa yawancin jiragen a jere suke a ƙasa, an lulluɓe musu injina. Mu dai mu je mu juya tayoyi, mu tayar da inji, mu kashe, mu dawo gida. Sati guda aiki, sati guda zaman ɗaki.

Zaman ɗakin nan ne ya kai ni ga shiga wani kwas ta intanet kan yadda ake tafiyar da tarin jirage. Aikin ƙarshe da aka ba mu shi ne kowa ya zaɓi wani kamfani ko wata runduna da jiragenta suka tsufa, ya rubuta shawarar yadda za a sabunta su. Na zaɓi rundunar sojin saman Iran. Ba wai don na san komai a kanta ba, a'a, gani na yi aikin ba zai yi wuya ba. Kowa ya san labarin a taƙaice: manyan jiragensu na Amurka ne, tun zamanin sarauta aka saye su, bayan juyin juya hali aka sa musu takunkumi, kayan gyara suka yanke. Sai 'yan na Rasha da na Sin da suka haɗa da su daga baya. Cikin kwana huɗu na gama warware musu matsalar da ta gagare su shekara arba'in. Na rubuta cewa su jibge tsofaffin nan gaba ɗaya, su sayi sababbi daga Rasha ko Sin, su ƙara da jirage marasa matuƙa, sannan a sallami tsofaffin shugabanni a kawo sabon jini. Da na karanta abin da na rubuta sai da na jinjina wa kaina.

Ana cikin haka, a tsakiyar zafin nan na Doha da ko tantabara ba ta fita, iyakwandishan ɗin falona ya tsaya. Abin kunyar shi ne, ni da nake kwance injin jirgi in mayar, na buɗe shi na yi ta kallo ban ga komai ba. Na kira mai gidan, ya ce zai turo min wani tsoho mai shago a Mesaimeer.

Da la'asar sai ga shi. Dattijo ne siriri mai furfura, da takunkumi a fuska da 'yar jakar kayan aiki da ta ga jiya. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya shimfiɗa wani farin ƙyalle a ƙasa, ya jera sifana da sukurdireba a kai, kowanne da wurinsa. Nan na fara kallonsa da kyau, don mu a wurin aiki haka ake koya mana, kuma ban taɓa ganin mai gyaran iyakwandishan ya yi haka ba. Cikin minti ashirin sanyi ya dawo. Ya ƙirga kayansa ɗaya bayan ɗaya kafin ya mayar jaka.

Zai fita ke nan idonsa ya faɗa kan kwamfutata da ke buɗe a tebur. Na sa hoton wani jirgin yaƙi a bangon aikin nawa, irin mai fikafikan nan da ke buɗewa su kuma naɗewa baya. Ya tsaya cak.

"Muhandis," ya ce, haka suke kiran injiniya a nan, "me ya haɗa ka da wannan?"

Da Larabcin Doha da Turanci muke haɗawa mu fahimci juna, ni dai zan kawo muku da Hausa. Na ce masa ai bincike nake kan sojojin saman Iran, har na fara yi masa bayanin irin jirgin, kamar yadda ake yi wa baƙo.

Ya bar ni na gama. Sannan ya nuna wani wuri a ƙarƙashin fiffiken da ɗan yatsa ya ce, "Akwai wata ƙaramar ƙofa a nan. Idan hannunka ya yi kauri ba ya shiga. Nawa ne ke shiga, shi ya sa shekara ashirin da biyu ni ake kira."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ashe ɗan Iran ne, tsohon makanikin rundunar. Yana saurayi ya shiga, ya yi yaƙin shekara takwas da Iraƙi a ƙarƙashin cikin jirage, daga baya ya ajiye aiki ya ƙetaro Doha wurin ɗan'uwan matarsa, wanda ya zama kafil ɗinsa, wato mai tsaya masa a takardun zama. Na roƙe shi ya zauna. Muka ja kujeru nesa da juna kamar yadda doka ta ce, na dafa shayi, na karanta masa shawarwarina. Bai katse ni ba. Da na zo wurin sallamar tsofaffi sai na ga kafaɗunsa suna rawa, dariya yake a cikin takunkumi.

"Khalas, shi ke nan, ka gama da mu," ya ce. "To, muhandis, in tambaye ka. Ka sayo sababbin nan sun sauka ranar Asabar. Ranar Lahadi wa zai buɗe su?"

Na ce ai za a horar da mutane.

"Da wane yare aka rubuta littattafansu? Awon notinsu irin namu ne? Man da suke sha fa? Wanda ya sayar maka, idan kuka ɓata bayan shekara biyar, wa zai ba ka abin da ya lalace? Mu fa mun riga mun sha wannan ruwan. Mun kwana da abokai, muka tashi ba su."

Ya ba ni labarin yadda bayan juyin juya hali turawan da ke taya su aiki suka tattara suka tafi, suka bar musu manyan sito cike da kayan gyara, amma ba wanda ya san me ke ina. Suka riƙa bi kanta bayan kanta suna buɗe kwali suna rubutawa da hannu. Daga baya da kayan suka fara ƙarewa, sai a kwance jirgi biyu a tayar da ɗaya, wani abin kuma su zauna su ƙera shi da kansu, ya ƙi, su sake, har ya yi. Ya ce shi ya sa yake jin ciwo idan ana kiran jiragen nan tarkace, don kowane ɗaya da ke tashi yau akwai idon wani da ya mutu a kansa.

Na tambaye shi batun shugabanci. Ya ce shi bai taɓa zama da manya a ofis ba, abin da ya sani ɗaya ne. Akwai wani kwamanda da ya yi aiki a ƙarƙashinsa lokacin yaƙi. Wata rana ana buƙatar jirgi shida, biyar suka shirya, na shidan shi bai yarda da shi ba. Ya je ya faɗa, duk da cewa a irin lokacin nan maganarka na iya zama laifi. Kwamandan ya dube shi ya ce, "Ka tabbata?" Ya ce eh. Kwamandan ya ce, "To biyar za su tashi, ni zan amsa tambaya a sama."

"Wannan shi ne shugaba a wurina," in ji shi. "Tsoho ne ko yaro, ban damu ba. Ka rubuta haka in akwai wuri."

Daga ranar ya zama duk Juma'a da yamma sai ya biyo. Ina kiransa Haji, yana kirana muhandis. Na yaga rabin aikin nawa na sake. Sai a zuwansa na huɗu ko na biyar ne ya fito da abin da ke cinsa. Ya buɗe wayarsa ya nuna min hoton wani mutum mai kamar shekara talatin da bakwai cikin kayan matuƙa.

"Ɗana ne. Jirgin da yake tuƙawa ya girme shi."

Ya ce duk ranar da ya ji an ambaci jirgi a labarai ba ya iya cin abinci sai yaron ya amsa waya. Shekara uku ba su haɗu ba. Mahaifiyar yaron ta rasu, saura shi da 'yarsa da ke aure a unguwar Al Aziziya, nan Doha. Ya ce, "Muhandis, kai kana cikin masu jirage. Ka nema masa wani aiki a nan. Ko me ne, in dai ƙafarsa tana ƙasa. Ya kusa cika shekarun da zai iya ajiyewa."

Na ce in sha Allahu. A raina kuwa har na fara jin daɗi, ga wata matsalar Iran ta biyu da zan warware.

Ban kai ga yin komai ba korona ta kama shi. Wata Juma'a bai zo ba, na kira, 'yarsa ta ɗauka tana kuka, ta ce an kwantar da shi, numfashi ya yi wuya, kuma ba a barin kowa ya shiga. Allah ya taimake mu akwai wata nas 'yar kudancin Kaduna da muka saba a taron 'yan gida, a sashen take. Kullum idan ta tashi aiki sai ta turo min saƙo: "Injiniya, babanku ya ɗan ci abinci yau," ko "Yau dai sai addu'a, mu ma muna yi a coci." Ni kuma in isar wa 'yar. A haka ne ɗan ya karɓi lambata ya kira ni daga Iran. Muryarsa a natse, Turancinsa ya fi nawa. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka faɗa min gaskiya, kada ka sassauta." Na faɗa masa. Ya ce in sa nas ɗin ta gaya wa mahaifinsa cewa zai zo, ko yaushe aka ba shi izini zai zo.

Kwana goma sha tara Haji ya yi, ya fito ya rame kamar sillen kara, amma ya fito.

Daga nan na ɗauki maganar da gaske. Ina da aboki ɗan Jos da ke koyarwa a wata makarantar tuƙin jirgi. Ya ce hanyar ba gajera ba ce, sai mutumin ya ajiye aikin soja, ya sake jarrabawa, takardu su bi ta hannu da yawa. Amma suna yawan neman wanda zai koyar a na'urar nan da ake kwaikwayon tuƙi a cikinta, wadda ba ta barin ƙasa, kuma mai irin gogewarsa ba zai rasa wuri ba. Na haɗa komai a fayil, mataki bayan mataki, har da launi. Haji ya riƙe fayil ɗin nan kamar takardar gado.

Izinin ɗan bai fito ba sai lokacin gasar cin kofin duniya. Iyalina sun daɗe da dawowa, Doha ta cika ta batse, ko'ina tuta da ganga. Aka ba shi kwana biyar. Washegarin ranar da ƙasarsu ta ci wasa, Haji ya kira ni ya ce, "Yalla, muhandis, yi maza ka zo Al Aziziya cin abincin rana, ka zo da bakinka."

Na same su a falo. Ɗan ya tashi ya rungume ni kamar mun shekara da sanin juna. Aka kawo shinkafa mai ƙanzo da nama da ganye, muka ci muka ƙoshi. Da aka kawo shayi Haji ya tura fayil ɗin gaban ɗansa, ya yi min alama da ido. Na gyara murya na yi bayani. Ɗan ya saurara, ya buɗe kowane shafi, ya yi min godiya sosai. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Sai ya ce Baba ya ba shi labarin aikin da na rubuta, me na ce a ciki?

Na ce ai na farkon shirme ne, na ce a jibge tsofaffin jirage a sayi sababbi, Haji ya gyara min.

"Ba shirme ba ne," in ji shi. "Rabinsa gaskiya ne. Ƙarfe yana gajiya. Za ka iya ƙera sabon famfo, ka sake waya, amma ƙashin bayan jirgin fa? Dole wata rana a ajiye su. Ko a samo daga waje, ko a dage a kan na gida, ko a mayar da ƙarfi kan marasa matuƙa, kowanne da ciwon kansa. Amma zama a haka ba zaɓi ba ne."

Sai Haji ya ajiye kofi. "Wa ya ce sun gaji? Ku yaran yanzu ba ku san abin da ke hannunku ba. Jiragen nan in an kula da su za su yi wata shekara ashirin. An ƙera su lokacin da ake ƙera abu don ya daɗe. Ni na san cikinsu kamar tafin hannuna."

Suka juya zuwa Farisanci, murya ta ɗan hau, 'yar ta leƙo daga kicin ta koma. Ni dai ina riƙe da kofi ina kallon kafet. Can ɗan ya dawo Turanci, ina jin don in ji ne, ya ce a hankali:

"Baba, in lafiyarsu ƙalau, me ya sa kake so in sauka daga cikinsu?"

Daga waje ana jin wasu suna wucewa da ganga. Haji ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce, "Saboda a da ni nake ɗaure su. Yanzu ban san hannun wa ke shiga ƙofar nan ba."

Ɗan ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da gwiwarsa. Ya ce, "Na san hannun. Wanda ke duba jirgina, wanda ya koya a wurinka ne ya koya masa. Har yau ƙyalle yake shimfiɗawa. Idan ya ce kada in tashi, ba na tashi, kuma duk wanda ke ƙarƙashina ya san haka." Ya ce yanzu yana da ɗalibai takwas, kuma ko wane irin jirgi aka kawo gobe, su ne za su hau. Idan duk wanda ya iya ya kama gabansa, sababbin jirage za su sauka su tarar da fili. Ya ce ba zai iya barinsu a tsakiyar hanya ba, a yi masa haƙuri da 'yan shekaru.

Haji bai ce ya yarda ba. Ya dai ɗora hannu a kan ɗan nasa, ya ce wa 'yarsa ta ƙaro shayi. Ɗan ya miƙo min fayil ɗina da hannu biyu, ya ce in yafe masa wahalar da na sha. Na karɓa, na yi sallama, na fito ina jin kamar wanda ya kai maganin ciwon kai gidan da ake ciwon haƙori.

Na ɗauka shi ke nan, tsoho zai ci gaba da zaman jiran waya. Bayan wata uku sai ga shi a ƙofata da rana, ba jakar aiki. Ya ce ya bar wa wani shagon, jibi zai tafi.

Na ce, "Haji, ina?"

Ya ce, "Gida. Tunda ya ƙi fitowa, ni zan koma. Na samu ɗaki a garin da yake. Ba za su bar ni in taɓa jirgi ba, na tsufa. Amma zan ji tashinsa, in ji saukarsa, ba sai na jira waya ba."

Na ce ba ya ganin jin ƙarar kullum zai fi tayar masa da hankali? Ya ce, "Muhandis, ni da kunne nake gane inji. In lafiya yake, tun daga kan titi zan sani."

Har yau muna gaisawa. Duk sallah sai ya turo min murya, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya. Ɗan yana nan lafiya, a bara ya daina tashi ya koma koyarwa a ƙasa, a lokacin da shi ya ga ya dace, ba lokacin da ni da fayil ɗina muka tsara masa ba.

Idan na tuna abin nan, ba kunyar da na sha ce ke fara zuwa min ba, duk da na sha ta har sau biyu. Abin da ke zuwa min shi ne yadda na zauna a falo da sanyi na yanke wa mutanen da ban taɓa gani ba hukunci, wannan a jibge, wancan a sallama, ban san cewa a cikin kowane layi da na rubuta akwai ɗan wani ba. Har yanzu idan aka yi gardamar jiragen Iran a wurin aiki, wani ya ce su sayi na Rasha, wani ya ce na Sin, ina da ra'ayi, kuma ina faɗa. Sai dai muryata ta ragu. Kuma duk jirgin da zan sa wa hannu kafin ya tashi, sai na ɗan tsaya, don na san ko ina ne akwai wani tsoho da ya kasa kunne yana jiran ya ji saukarsa.